Kebab ɗin Adana yana zube min cikin garwashi, ina nake kuskure?

Maman 'Yan Biyu, Agege:

Assalamu alaikum. Masu girki, yau dai na kawo kukana gabanku.

Abban yara yana sarin dogayen riguna da takalma daga Istanbul, a unguwar Laleli yake sauka duk tafiya, kuma tun da ya fara zuwa ban sake samun sakat a kicin ba. Kowace dawowa zancen kebab ɗin Adana ne, gasasshen naman wani gari a Turkiyya. Wai naman rago ne niƙaƙƙe a jikin ƙarfe mai faɗi, wai ba a taunawa, wai ana kwantar da shi a kan wata gurasa ta shanye man. Na ce masa ga masu tsire nan birjik daga Agege har Obalende, ya ce ai hanyar jirgi daban ta mota daban. To kun san mace da kishin tukunyarta, na ce sai na yi.

Sau uku ke nan ina gwadawa. Karon farko na je Abbatuwa ta Oko-Oba na sayi cinyar saniya kilo ɗaya, na sa mahauci ya gyara min ita tas, ya cire kitse da jijiya, jan nama zalla. Na wanke, na zuba a bilenda da albasa biyu manya, attaruhu, tafarnuwa, magi, kori da tayim. Na dunƙula a tsinken tsire na itace, na ɗora a kurfoti. Ko minti biyu bai yi ba ya fara sulɓewa, ɗaya bayan ɗaya, cikin wuta. Hayaƙi ya turnuƙe benen, har maƙwabciyata Bayarabiya ta leƙo tana tambaya ko gobara ce.

Karo na biyu na fasa ƙwai na ƙara fulawa. Ya tsaya a tsinke kam, amma da ka gatsa kamar ƙosan da ya kwana. Na uku na canza zuwa naman rago na sa a oba, sai ruwa ya taru a faranti naman yana iyo, ga warin rago ya cika falo. Mutumin bai ce komai ba, ya dai ci loma biyu ya ce "sannu da ƙoƙari", wanda ni da ya zage ni ya fi min sauƙi.

Ya kawo min ledoji uku na kayan yaji, an rubuta pul biber, sumak da isot. Na ukun baƙi ne kamar garin gawayi, tsoron sa shi ma nake. Suna nan a kabad wata biyar.

Ina kuskuren yake? Kayan haɗin ne ban cika ba, ko naman ƙasarmu ne ba ya yi?

Amaryar Ketu:

Wa alaikumus salam Anti. Ki jiƙa burodin Agege a madara ki matse ki haɗa, ya fi fulawa laushi. Ni haka nake nawa kuma ba ya faɗuwa. Amma a kasko nake soyawa, ban taɓa gwada gawayi ba, mai gidan hayarmu ba ya bari.

Ɗan Mahauta, Oko-Oba:

Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Ni Turkiyya ko a taswira ba lallai in nuna ta ba, amma mahauci ne ni ɗan mahauci, kuma daga karanta bayaninki na ga inda aka yi ɓarin.

Da kika ce a cire kitse, a nan abincin ya mutu. Kin biya kuɗi an ɗebe miki abin da kika zo nema. Cinya naman kilishi ce da dambu, wurin da ake son tsoka busasshiya. Abin da za a niƙa a gasa, wuya ake nema, ko kafaɗa, ko kwiɓi, ko naman da ke jikin haƙarƙari. Nan ne kitse ya ratsa tsoka. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wani abokin cinikina ya taɓa nuna min hoton tumakin can a waya. Jelarsu kamar matashin kai, kitse ne zalla, da shi suke haɗa naman. Namu na nan, Balami ne ko Uda ko 'Yankasa, jelar siririya ce, ba abin da za ki samu a jikinta. Saboda haka ki nemi ɗayan biyu: kitsen da ke kan ƙirjin rago da haƙarƙarinsa, ko tozon sa. Ni tozo na fi ba mutane shawara, don yana da daɗi a wuta kuma ba shi da warin da kike kuka da shi. Kar ki yarda a ba ki kitsen ƙoda. Yana da arha, yana da kyau a ido, amma da naman ya huce zai daskare miki a saman baki kamar kin ci kyandir.

Maganar wari kuwa, tsohon rago ne aka ba ki, ko tsohuwar tunkiya. Ki ce ɗan shekara kike so, ki duba naman: na yaro ja ne mai haske, kitsensa fari. In ya yi duhu, kitsen ya koma rawaya, bar shi ga masu farfesu.

Sai bilenda. Don Allah ki ajiye ta. Tana dumama nama ta mai da shi kunu, ga ruwan albasa biyu a ciki, ga ruwan wanki. Da me zai kama tsinke? Ban ce kar ki wanke ba, naman kasuwar Legas dole a wanke shi. Ki wanke shi yana gunduwa-gunduwa, ki tsane shi da tsumma mai tsabta, ya kwana a firji. Naman da aka yanka da asuba kika saya da hantsi bai gama sakin jikinsa ba. Washegari ki samu katako da wuƙa babba mai kaifi ki yi ta sara har ya koma kamar ƙwayar dawa. In ba ki da ƙarfin hannu, injin niƙan nama mai manyan ƙofofi, sau ɗaya tak.

'Yar Antep, Ilupeju:

Maman 'yan biyu, sannu da fama. Malam mahauci ya riga ya yi rabin aikin, Allah ya saka masa. Na zauna shekara huɗu a garin Gaziantep na Turkiyya, wanda ake ce wa Antep, lokacin da maigidan yake karatu, Adana kuwa ba ta kai tafiyar awa uku a mota daga can ba, to bari in ƙarasa miki.

Abin da zai ba ki mamaki: kebab ɗin Adana ba a sa masa albasa. Ba tafarnuwa, ba ƙwai, ba burodi, balle kori da tayim. Nama ne, kitsen jela, gishiri, jan barkono. Shi ke nan. Mutanen garin har rajistar sunan suka yi a 2005 don kar kowa ya dunƙula abin da ya ga dama ya kira shi Adana. In aka cire zafin barkonon ya zama kebab ɗin Urfa, wani garin nasu. Abin da ƙanwarmu ta Ketu take yi da burodi shi ma abincinsu ne, amma sunansa kofte, zan zo kansa.

Mu mun saba kayan ƙamshi ne ke ɗaukar nama. Su kuwa naman ne ke ɗaukar kansa, shi ya sa sai da na yi wata uku a can ina ganin abincinsu salam ne kafin harshena ya gane.

Ga yadda nake yi a nan. Nama giram 800, kitse giram 200, wato kashi ɗaya cikin biyar. A can da wata ƙatuwar wuƙa mai lanƙwasa ake sara, suna ce mata zırh, ni da wuƙar da na saya a wajen masu fawa nake yi. Tattasai ja guda ɗaya, ki cire 'ya'yan, ki sare shi mitsi-mitsi, ki matse ruwan a tsumma. Pul biber, wato dakakken jan barkonon nan nasu, cokali ɗaya babba. Gishiri cokalin shayi biyu da rabi. Sai murza. Nan ne mata ke gajiya su bari. Ki yi ta murzawa da tafin hannu kamar kwaɓin alkaki, minti takwas zuwa goma, har ya yi danƙo kina ganin wasu fararen zare a jikinsa. Ki manna ɗan curi a tafinki ki kifa hannun. In bai faɗo ba ya yi. Gishiri da murza su ne ƙwan, su ne fulawar. In kika ji ya fara ɗumi yana narkewa a hannu, ki mayar firji ya huta. Bayan nan ya samu aƙalla awa uku a sanyi.

Tsinken itace ba zai taɓa riƙe shi ba, don siriri ne, naman juyawa yake a jikinsa. Ƙarfe ake so, shimfiɗaɗɗe, faɗinsa kamar santimita 2. Ki sa mai walda ya yanko miki, amma ki jaddada masa irin ƙarfen cokali wanda ba ya tsatsa, ba irin na kwanon rufi ba. Ki jiƙa hannu, ki ɗauki curi kamar lemon zaƙi, ki bi da shi jikin ƙarfen kina matsawa da yatsu har ya yi tsawo ya baje, ki toshe bakinsa sama da ƙasa.

Wuta kuma garwashi ne da ya yi fari, ba harshe. Ki cire wayar gashi gaba ɗaya, ki ɗora bakin ƙarfen a kan bulo biyu, naman yana rataye bai taɓa komai ba. Kuma kar ki jira gefe ɗaya ya gasu irin na tsire. Da ƙasan ya canza launi, ƙasa da minti ɗaya, ki juya. Ki sake juyawa. In gefe ɗaya ya nuna ɗayan yana ɗanye, nauyinsa ne ke yage shi ya faɗa wuta. Cikin minti goma ya gama. Yana tsiyayar mai kina danna masa gurasa tana shanyewa, ita za ki shimfiɗa a ƙasan faranti.

Albasar da kika hana shi ga inda take zuwa: ki yanka ta sirara, ki murza da gishiri da sumak ɗin nan, ki zuba yankakken ganyen fasili. Sumak tsami ne da shi kamar lemon tsami. Ranar da ya ƙare, ni busasshen zoɓo nake dakawa in tankaɗe, ba ɗaya ba ne amma yana rufa asiri. Isot kuma kar ki ji tsoronsa, barkonon Urfa ne, da rana a shanya shi da dare a rufe ya yi gumi, shi ya sa yake baƙi. Zafinsa a hankali yake zuwa, ƙamshinsa kamar na abin da aka banɗa. Ki barbaɗa a ƙwai ko a miya ki ji. In pul biber ya ƙare, busasshen tattasai na Mile 12 ki cire 'ya'yan, ki daka shi da ɗan gari-gari, ki murza da ɗigon mai da gishiri.

Da ni ce ke, da kofte zan fara, don shi yana yafe kuskure. Rabin kilo na niƙaƙƙen naman sa mai kitse, albasa ɗaya a goge a matse ruwan, busasshen burodi yanka biyu, fasili, masoro, da abin da suke kira kimyon. Shagunan Indiyawa na nan Ilupeju suna da shi, su "jeera" suke ce masa, haka za ki tambaya. Shi ne ƙamshin da Abban yaranki yake ji a titin Laleli bai san sunansa ba. Masu gidan haya da aka hana gawayi kuma, akwai kebab ɗin faranti na mutanen Antakya: a baje naman a tire, a tsaga shi kamar yankan kek, a jera tumatir da tattasai a kai, a dama tumatirin gwangwani da ruwa a zuba, sai oba.

Gwauron Idi-Araba:

Ku yi haƙuri in sa baki a zancen manya. Ni ba ni da firji mai aiki balle mai walda. Na ci wani abu a filin jirgin Istanbul a hanyar Umara, nama a kan burodi da miyar tumatir da nono a gefe. Da na dawo sai na ce wa mai balangun layinmu ya yanka min sirara kar ya sa yaji. Na yayyanka gurasa a faranti, na zuba naman, na kwarara tumatirin da na soya, na narka man shanu har ya fara ƙamshi na sheƙa a kai, ga kindirmo a gefe. Wallahi abokaina sun ɗauka aure na yi a ɓoye.

'Yar Antep, Ilupeju:

Malam gwauro, Iskender ka ci, abincin Bursa, sunan mutumin da aka ce ya fara shi a 1867. Nasu daga naman doner ake yankowa, wancan da ke juyawa a tsaye, amma da gurasa da man shanu ka fi wasu gidajen abincin Legas kusa da shi. Kindirmon dai kar ya zama mai suga.

Na manta ban faɗa ba, Maman 'yan biyu: in kin zo girkin tukunya irin nasu, kamar tas kebab ko kavurma da suke yi ranar layya, ba a sulala nama. A busasshiyar tukunya ake zuba shi da ɗan kitse, ya fitar da ruwansa ya shanye abinsa, sannan albasa ta shiga.

Hajiya Babba, Alaba Rago:

Ikon Allah. Yanzu soyen naman layya ne ya koma kavurma? 'Yan nan, tun ina yarinya a Katsina haka kakata take yi. A narka kitsen ragon, a zuba naman da gishiri kaɗai, ya yi ta dahuwa cikin mansa, a juye a tukunya man ya daskare a kansa, mu ci har bayan Cika-ciki. Ku ne kuka zo da kori da tayim kuka binne ɗanɗanon nama, yanzu kuma sai an hau jirgi an koyo muku abin da kuka baro a gida.

Abu ɗaya zan ƙara, ke 'yata ta Agege. Kar ki bi lokacin da ake faɗa a bidiyon Turkawa. Su ɗan rago suke yankawa. Mu kuwa sa ne da ya yi shekaru yana yawon kiwo, aka loda shi a tirela daga Potiskum ko Maigatari ya kwana biyu a tsaye kafin ya ga Ikko. In sun ce awa ɗaya, ki ba shi biyu da rabi a wuta ƙasa-ƙasa, kuma ruwan zafi za ki riƙa ƙarawa, kaɗan-kaɗan. Shinkafar alkamarsu kuma da jikata ta dafa min, bulgur ne ko me, na ce mata wannan ai 'yar uwar dashishi ce.

Maman 'Yan Biyu, Agege:

Jama'a na dawo, ku gafarce ni na yi sati biyu shiru. Mai walda ne ya riƙe ni. Na ce masa faɗin santimita 2, ya yanko min abu kamar takobi, sai da na koma da cokali a hannu na nuna masa irin ƙarfen da faɗin. Guda shida ya yi.

Malam mahauci, na bi maganarka. Ranar Juma'a na sa aka ba ni kafaɗar rago da ɗan kwiɓi, da tozo. Yaron da ke yanka ya ɗaga wuƙa zai gyara kitsen kamar yadda na saba sa shi, na ce kul. Ya kalle ni kamar an canza ni. Saran kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, minti arba'in na yi, kafaɗata har yau tana gaya min.

Anti ta Ilupeju, ashe murzar ce duk sirrin. Na kifa hannu curin ya tsaya, na tsaya ina kallonsa ni kaɗai a kicin ina dariya. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, kamar an aiko su. Na aiki yaro ya sayo ƙanƙara, na sa kwanon a kula na rufe har la'asar.

Cikin shida ɗaya ya faɗi, kuma laifina ne, na tsaya amsa sallamar mai ruwa ban juya da wuri ba. Biyar sun fito lafiya. Gurasa na samu wajen wata 'yar Kano da ke yi a bayan masallaci, na danna ta sha mai har ta yi ja. Albasa da sumak kuwa ban san haka take ba, rabi a tsaye na cinye ta kafin a kai faranti. Maƙwabciyar tawa ta sake leƙowa, wannan karon da kwano.

Abban yara ya ci ƙarfe biyu bai ɗago kai ba. Da ya gama ya ce na can ya fi wannan laushi kaɗan, kuma ya fi ƙamshin rago, wataƙila tozon ne. Na yarda, ni ma na ji gefen da na bari ya daɗe a wuta ya ɗan bushe. Sai kuma ya waiga ya ce, "Ina ayran?" Na ce mene ne kuma ayran? Wai kindirmo ne a dama da ruwan sanyi da gishiri. Na dama masa. 'Yan biyu suka kurɓa suka tofar, Hassana ta ce an ɓata nono, a kawo suga da fura.

Hajiya Babba, ina gaisuwa, kin yi gaskiya a kan kori, ko sau ɗaya ban taɓa gwangwaninsa ba ranar. Asabar mai zuwa tas kebab zan gwada da wuyan sa. Tambayata, in naman ya shanye ruwansa na zuba albasa da tumatir, dankalin turawa a lokacin zai shiga ko sai ya kusa nuna? Kuma tukunyar ƙasa da na taho da ita daga gida za ta jure wutar gas, ko in koma kurfoti?